Talatin Farare, Ɗaya Baƙi

Talata, 8 ga Fabrairu 1949, ƙarfe bakwai na safe

Jiya aka yi zaɓen. Ba zan ja magana ba.

Mu talatin da ɗaya, 'yan ƙungiyar ɗaliban jami'a da ke zaune gida ɗaya a matsayin 'yan'uwa, muka sauka ɗakin ƙasa bayan abincin dare, kowa da baƙar kwat da bajonsa a ƙirji. Sababbin shiga su tara suna kicin suna wanke kwanuka, suna jiran sakamako. Wata huɗu ke nan suna goge mana takalma, suna kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, duk don wannan zama. Duane Halvorsen, shugabanmu, ya ɗora akwatin a kan tebur. Yadda aka saba: a kira sunanka, ka zura hannu ƙarƙashin ƙyalle, ka jefa dutse. Fari, ka yarda mutum ya zama ɗan'uwa. Baƙi, ba ka yarda ba. Baƙi guda ɗaya ya isa a rufe wa mutum ƙofa.

Takwas suka wuce lafiya. Na tara shi ne Min.

Duane ya buɗe akwatin, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Talatin farare, ɗaya baƙi. Wani ya yi kuskure, ɗakin nan ba haske. A sake." Aka sake. Ya buɗe. Wannan karon sai ya juye duwatsun a tebur kowa ya gani da idonsa: baƙin yana nan.

Ni na kawo Min, wato Minoru Tsuchida, ɗan asalin Japan haifaffen ƙasar nan, gidan nan. A tsarin ƙungiya ni ne yayansa, duk da ya ba ni shekara biyar, kuma yana yaƙi a Italiya lokacin da nake sakandare ina kaɗa ganga a filin ƙwallo. Saboda haka ni aka aika in gaya masa. Na same shi hannu cikin ruwan sabulu. Ya dube ni, ya goge hannu a tawul, ya cire ƙaramin bajon sababbin shiga daga rigarsa ya miƙo mini kafin in buɗe baki.

Ya ce, "Ba komai, Lyle. Samu wuri ka zauna, kamar za ka faɗi."

Bajon yana cikin aljihun teburina.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Ɗakin gwaje-gwajen kemistiri. Min ya zo a kan lokaci da ɗingishinsa, ya rataye kwat, ya ce in kunna wuta. Awa uku muna tebur ɗaya. Na fasa kwalba biyu. Shi ya share.

Laraba, 9 ga wata, bayan abincin rana

Kowa ya ce Royce ne.

Ba a ma tsaya bincike ba. Royce Kimbrough ya rasa wansa a yaƙi da Japan a Okinawa, kuma tun watan Oktoba, ranar da na fara kawo Min cin abinci, ya ture faranti ya ce shi ba zai haɗa tebur da irinsu ba. Kowa ya ji. Yau da ya zauna, mutum biyu da ke gefensa suka ɗauki farantansu suka koma can ƙarshen tebur.

Wani ya ce, "Kimbrough, miƙo gishiri. Farin nan nake nufi, in kana iya bambancewa."

Royce ya ce, "Ubanka ne ba ya bambancewa."

Mama Lindqvist, dattijuwar da ke kula da gidan, ta buga cokali a jikin kofi. "Samari, ina zaune fa." Aka yi tsit.

Ban iya cin naman ba. Na ce haƙori ne.

Alhamis, da safe

Ƙanƙara har gwiwa. Ban je aji ba.

Asabar, 12 ga wata, ƙarfe uku

Jaridar ɗalibai ta buga labarin a shafin farko. Ba su ambaci sunan Min ba, sun ce "wani tsohon soja mai lambar yabo", amma a jami'ar da ba ta kai mutum ɗari tara ba, ɗan Japan nawa ne mai ɗingishi? Abin da ya fi ƙona wa Duane rai shi ne, shi da kansa ya yi ta cika baki tun kaka cewa gidanmu ne zai fara karɓar wanda ba farar fata ba. Tsarin uwar ƙungiya ya ce sai farar fata Kirista. Duane da sauran waɗanda suka dawo daga yaƙi suka ce ba su san wannan zance ba, in hedikwata ta ga dama ta zo ta cire haruffan sunanta daga saman ƙofa. An yi ta tafi a daren da suka faɗi haka. Ni ma na yi tafi.

Yanzu 'yan wata ƙungiyar da gidansu ke tsallaken titi, waɗanda ko gwada karɓar irinsa ba su taɓa yi ba, su ne ke yi mana ihu in mun wuce.

Baba ya bugo waya. Na shiga ɗan ɗakin wayar da ke ƙarƙashin bene na ja ƙofa.

"Na ji labari," in ji shi. "Ka ga abin ya warware kansa. Ba wanda ya yi asara."

Na ce, "E, Baba."

"Karatu fa?"

"Lafiya lau."

"Mamarka ta aiko maka safa."

Da na fito, hoton Kaka na kan bango yana kallona, shi da mutum shida da suka gina gidan, duk da gashin baki. Kullum yana nan. Ban san me ya sa yau na lura ba.

Lahadi, ƙarfe huɗu

Na je coci, na fita kafin a gama. Na bi layin dogo har rumbun masara, na dawo, na sake komawa. Ƙafafuna sun daskare. Na zauna in karanta, na tashi. Na gyara aljihun tebur ba tare da na buɗe na sama ba.

Talata, 15 ga wata, ƙarfe shida na safe

Taron jiya.

Sababbin shiga takwas ɗin sun aiko da takarda, duk sun sa hannu. Sun ce ba za a rantsar da su ba sai da Min. Duane ya karanta, ya ninke, ya tsaya da hannu a aljihu.

Ya ce, "Doka ta hana ni tambayar waye. Ba zan tambaya ba. Amma in akwai namiji a ɗakin nan, zai tashi ya faɗi dalilinsa, mu ji. Wataƙila yana da hujja. Zan ba shi minti biyu."

Ya cire agogo ya ajiye a tebur.

Bututun ɗumama ɗaki ya buga sau goma sha huɗu. Na ƙirga. Duk ɗakin Royce ake kallo, shi kuma yana kallon rufi yana taunar tsinke. Ni ne sakatare, littafin taro yana kan cinyata. Na rubuta, "An yi shiru na minti biyu." Rubutun ya fito da kyau, hannuna bai ko girgiza ba. Wannan ya dame ni fiye da komai.

An yanke shawara ba a rubuce ba: ba mai sake yi wa Royce magana.

Laraba, 16 ga wata, ƙarfe biyar da rabi

Ina dawowa daga aji na tarar da kayan Royce a warwatse cikin ƙanƙara a bayan gida. Ta tagar bene na uku aka jefo su. Riguna, littattafai, takalmin ƙwallo, katifa. Yana durƙushe yana tsinta, ba ko safar hannu. Mutane na leƙowa ta taga suna shan kofi.

Na ajiye littattafaina na fara taya shi.

Ya kira ni da sunan gidanmu, ya ce, "Ostrander, bar shi. Kar su gan ka, ka ja wa kanka."

Na ci gaba. Na ɗago wani hoto, gilashinsa ya tsage. Wansa ne, Dale, cikin kakin soja. Royce ya karɓa ya goge a jikin rigarsa.

Ya ce, "Fari na jefa. Sau biyu."

Na sunkuya na ci gaba da tsintar riguna, shi kuma ya ci gaba da magana.

"Ka san hutun Kirsimeti ban je gida ba. Min kuma shi aka bari ya riƙa zuba gawayi kar bututu su daskare. Mu biyu kaɗai a gidan nan kwana goma. Kwana uku ban ce masa uffan ba. Rana ta huɗu ya same ni ina fama da takardar da soja suka aiko, ta maganar dawo da gawar Dale. Na kasa cikewa, tsohuwarmu kuma kullum sai ta tambaya. Ya ja kujera ya zauna. Shi ya cike mini ita, layi-layi. Ya ce ya taɓa cike irinta wa uwar abokinsa." Ya tofar da yawu a ƙanƙara. "Sai in jefa masa baƙi? Ni jaki ne, amma ban kai nan ba."

Na ce, "Ka gaya wa Duane mana."

"Na gaya masa. Ya ce in je in gaya wa limamin coci. Kai ka yarda?"

"Na yarda."

Ya dube ni. Ya ce, "Kai kaɗai ke nan. Ai kai mutumin kirki ne, Ostrander, kowa ya sani."

Muka ɗauki katifar tare zuwa sama. Ba wanda ya ba mu hanya a matakala.

Alhamis, kafin gari ya waye

Talatin farare.

Juma'a, 18 ga wata, ƙarfe biyu

Ban rubuta wannan ba tun farko. Bari in rubuta.

Ranar Lahadin da ta gabaci zaɓen Baba ya zo da mota, mil tamanin, ba tare da ya sanar ba. Ya kai ni otal ɗin cikin gari, ya saya mini gasasshen nama da dankali. Shi ne shugaban tsofaffin 'yan ƙungiya, gidan a hannunsu yake. Bai ɗaga murya ba. Baba ba ya ɗaga murya.

Ya ce ya ji yaron yana da hankali, kuma ya yi wa ƙasa hidima, ba mai musu. Ya ce amma hedikwata ba wasa take ba, za su janye sunanmu, tsofaffi kuma za su sayar da gidan. Ya ce Kaka da hannunsa ya ɗauko duwatsun murhun falo daga rafi. Ya ce su Duane baƙi ne, gwamnati ta turo su karatu, nan da shekara ɗaya sun watse, mu ne za mu zauna da abin da suka fasa. Ya ce ya tabbata akwai yara masu tunani a gidan, biyar ko shida, waɗanda ba za su faɗa a fili ba. Ya yanka namansa ƙanana-ƙanana yadda ya saba. Ya ce shi ya sa magabata suka yi akwatin da ƙyalle a kai.

Sai ya tambayi mai kawo abinci ko akwai kek ɗin tuffa.

Biyar ko shida, haka ya ce. Na riƙe wannan adadin a kaina har daren Litinin. Biyar ko shida, guda ɗaya a cikinsu ba ya canja komai.

Iyakar abin da zan rubuta ke nan yau.

Lahadi, 20 ga wata, ƙarfe takwas na dare

Min ya tsare ni a ɗakin karatu ya ce in zo in ci shinkafa. Ban sami hanyar ƙi ba.

Yana zaune a ɗaya daga cikin rumfunan kwanon da aka kafa wa tsofaffin soja bayan filin wasa. Gado, tebur, risho, tukunya ɗaya. Mahaifiyarsa ta aiko masa da shinkafa da wani ganye mai tsami daga Oregon. Tun da aka sako su daga sansanin da gwamnati ta tsare 'yan asalin Japan lokacin yaƙi, gonarsu ba ta dawo hannunsu ba, aikin gonar wasu suke yi. Bai taɓa faɗa mini da ɗaci ba, kamar yana faɗin farashin ƙwai.

Ya nuna mini wasiƙarta. Ba na iya karanta rubutun. Ya ce tana tambaya yaushe zai ɗauki hoto da babban bajon, tana so ta nuna wa matan cocinsu.

Na ce, "Ba ka gaya mata ba?"

"Zan gaya mata. Ina neman yadda ake faɗinsa da Japananci." Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Can ya ce, "Na ji abin da suka yi wa Kimbrough."

"E."

"Ba shi ba ne."

"Ta yaya ka sani?"

"Na dai sani." Ya ɗauki cokali. "In ƙara maka?"

Na ce na ƙoshi. Ya ƙara mini duk da haka, ya zauna yana kallona har na cinye.

Talata, 22 ga wata, da rana

Royce ya bar gidan. Ya kama ɗaki a saman shagon aski. Ya bar ƙungiyar ƙwallo ma, an ce a wurin atisaye wani cikinmu ya tsaga masa leɓe, koci ya kau da kai.

Bai ishe su ba. Duane ya shigo ɗakina ya ajiye takarda a kan keken rubutu. Ƙuduri ne na korar Royce daga ƙungiya gaba ɗaya, a karɓe bajonsa, a aika sunansa hedikwata da ofishin shugaban ɗalibai. Laifin da aka rubuta shi ne "zubar da mutuncin gida". Litinin mai zuwa za a jefa ƙuri'a. In an kore shi, sai a sake zaɓen Min.

"Buga mini kwafi uku," in ji Duane. Ya dafa kafaɗata. "Na san kai abin ya fi ci. Dubi yadda ka rame. Za mu gyara maka, ɗan'uwa."

Na buga. Kwafi uku, ba kuskure ko ɗaya.

Laraba, bayan abincin dare

Mama Lindqvist ta kira ni ɗakinta, ta ba ni madara mai ɗumi kamar ƙaramin yaro. Ta ce shekara goma sha tara tana gidan nan, ta san tafiyar kowa a matakala. Ta ce tawa ta canja.

Na ce jarrabawa ce.

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ta ci gaba da saƙarta. Da na kai ƙofa ta ce, "Ɗakin Royce ban bari kowa ya shiga ba. Na canja zanen gado."

Alhamis

Idan aka kore shi, aka sake zaɓe, aka sami talatin farare, kowa ya samu abin da yake so. Min ya shiga. Duane ya wanke fuskarsa. Sai Royce kaɗai.

Na rubuta wannan na karanta sau biyar, kuma akwai lokacin da ya yi mini daidai.

Asabar, 26 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na je rumfar Min. Yana wanke safa a bokiti. Ban zauna ba, ban cire hula ba.

Na ce, "Ni ne."

Ga shi na rubuta. Ni ne.

Bai daina wanki ba. Ya matse safa ɗaya, ya shanya a igiya, ya ɗauki ta biyu.

Ya ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun satin farko. Duk gidanku ba wanda bai zo nan ya gaya mini wanda yake zargi ba. Har mai dafa abinci. Kai kaɗai ba ka taɓa tambayar waye ba."

Na fara ba shi labarin Baba da otal da biyar ko shida. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ni ba.

Ya ce, "Na farkon na gane. Ka ɗauka kuna da yawa, ka ɓuya a cikinsu. Na ga mazan da suka fi ka ƙarfi sun yi haka. Na biyun fa? Lokacin ka riga ka san kai kaɗai ne. Duane ya ba ka hanya, ya ce kuskure ne."

Na tsaya. Sati uku ina zagaye wannan tambayar.

Na ce, "Na ji tsoro in dutsen ya canja, za a gane wanda ya jefa yana jin kunya. Royce ba ya jin kunya. Za a fara duban wasu."

"Wato ka san a kansa zai faɗa."

"Na sani."

Ya zubar da ruwan bokitin a ƙofa, tururi ya tashi. Ya ce, "To me ka zo nema a nan? In ce na yafe? Ni ba a tsaga mini leɓe ba, Lyle. Ka san inda shagon aski yake."

Na je. Royce ba ya nan. Na jira awa ɗaya a matakala, sanyi ya kore ni.

Lahadi, ƙarfe goma sha ɗaya

Na sami Royce yana aske gemu. Na faɗa. Ya juyo da kumfa a rabin fuska, ya daɗe yana kallona. Na zaci zai buge ni, na ma so ya buge ni.

Ya ce, "Kai ka taya ni ɗaukar katifa."

Na ce, "E."

"Fita."

Litinin, 28 ga wata, ƙarfe huɗu

Na goge takalmi. Na sake gogewa. Saura awa uku.

Talata, 1 ga Maris, da safe

Duane ya ce sakatare ya karanta ƙudurin. Na tashi da takardar a hannu. Royce na can baya kusa da ƙofa, ya zo da bajonsa a tafin hannu don ya jefa musu.

Ban karanta ba. Na ce, "Royce fari ya jefa. Ni na jefa baƙin, duka biyun."

Wani ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Sai dariyar ta mutu.

Duane ya ce, "Ostrander, zauna. Ba sai ka rufa masa asiri ba."

Na ce, "Ba rufa masa nake ba."

Aka ɗau hayaniya. Na ji "munafuki", na ji "ɗan Baba", na ji abin da ba zan rubuta ba. Wanda ya tsaga wa Royce leɓe shi ya fi kowa ihu. Duane ya yi ta buga tebur. Da aka lafa ya tambaye ni dalili, na ce ba ni da wanda ya isa a faɗa. Ban ambaci Baba ba. Na cire bajona na ajiye a kan littafin taro.

Sai Royce ya taso daga baya, ya ratsa su, ya ɗauki ƙudurin daga hannuna ya karanta a ransa. Ya ce, "Kai ka buga wannan?" Na ce ni ne. Ya ce, "Ka iya aiki." Ya ninke ya sa a aljihu. Ya juya ya dubi ɗakin.

"Ba wanda zai jefa kayan yaron nan ta taga. Wanda ya taɓa ko safarsa, da ni zai yi. Ba don shi ba. Na gaji da ganin ƙattai talatin suna jin daɗin kansu."

Ba wanda ya ba shi haƙuri a lokacin. Daga baya na ga Duane ya bi shi waje ba kwat.

An sake zaɓen Min bayan na fita. Talatin ne suka jefa, duka farare.

Alhamis, 3 ga wata, ƙarfe biyar

Na koma ɗakin kwanan jami'a, gado na sama, tare da wani ɗan ajin farko mai busa ƙaho. Royce ya koma ɗakinsa a gida.

Duane da mutum huɗu sun sa kwat sun kai wa Min babban bajo har rumfarsa. Duane da kansa ya tsare ni a hanya ya gaya mini yadda aka yi, ina jin don in ji zafi ne. Min ya ba su kofi, ya gode musu, ya ce a'a. Duane ya ce masa ai yanzu kowa ya yarda. Min ya ce, "Sau uku ke nan kuna jefa dutse a kaina a ɗakin da ba na ciki. Ya isa haka." Ya ce su rantsar da yaran takwas, sun wanke kwanuka da yawa.

Yau a ɗakin gwaji na tarar ya nemi a canja masa abokin aiki. Yana tebur na uku daga nawa. Da na shigo ya ɗaga kai ya ce, "Ostrander." Na ce, "Tsuchida." Shi ke nan.

Lahadi, 6 ga Maris, ƙarfe uku

Baba ya zo. Labari ya kai masa ta bakin tsofaffin 'yan ƙungiya. Bai kai ni otal ba, a mota muka zauna bakin ɗakin kwana, injin na aiki saboda sanyi.

Ya ce Ostrander uku sun sa wannan bajo, ni ne na farko da ya cire. Ya ce mamata ba ta fita coci yau ba. Ya ce bai gane abin da ya kai ni tsayawa gaban mutane ina tona wa kaina asiri ba, alhali an yi akwatin ne don kada a sani.

Na ce, "Baba, saboda ku na jefa."

Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni. Ba fushi a fuskarsa, mamaki ne na gaske.

"Saboda ni? Yaushe na ce ka jefa wani abu? Abinci na saya maka, muka yi hira."

Na buɗe baki in maimaita masa maganganunsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a kaina, gidan, murhun, biyar ko shida, ƙyallen. Na nemi wurin da ya ce in yi. Babu.

Na ce, "Gaskiya ne. Ba ku ce ba."

Ya gyaɗa kai, kamar an daidaita. Ya miƙo mini ƙunshin safa daga kujerar baya. Ya ce in na nutsu zai yi magana da Duane, ba abin da ba ya gyaruwa.

Na ce kada ya yi.

Ya ce, "Me ka ce?"

Na ce, "Kada ku yi magana da kowa a kaina, Baba."

Ban taɓa gaya masa haka ba tun da aka haife ni. Na buɗe ƙofa na fita. Motar ta daɗe a tsaye a bayana, ina jin injinta, ban waiwaya ba.